Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfutar Ofishinmu Ta Ce "Ba Izini", Ina Mafita?

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga sakataren wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar hatsi a Jihar Jigawa, kuma da yake doguwa ce za mu taƙaita ta. Ya ce ƙungiyarsu tana da ɗan ofis mai kwamfuta huɗu, da wata babba guda a ɗakin ciki wadda ke riƙe da lissafin kowa: wanda ya karɓi taki bashi, wanda ya biya, da yawan buhun da kowane mutum ya kawo ajiya sito. Ran nan aka ɗauke wuta. Da aka ta da janareto sai manhajar da ke buga rasit ta ƙi tashi, wadda ke kwafe lissafi da dare ita ma ta tsaya cik, allon yana ta nuna wani saƙo da aka fassara masa da cewa wai ba a ba da izini ba. Suka kira wani yaro mai gyara, cikin minti goma ya ta da komai, ya ce ya ba manhajojin cikakken iko ne don kada su ƙara damun kowa. Bayan mako biyu wani mai gyaran ya zo wani aiki dabam, ya ga abin da aka yi, ya riƙe baki, ya ce a warware shi tun da wuri. Shi ne Malam Sakatare yake tambaya, wa ke da gaskiya cikin biyun, kuma wane irin izini ne na'ura take nema a wurin 'yar'uwarta na'ura?

To, Malam Sakatare, mun gode da wannan tambaya, kuma amsarta a gajarce ita ce na biyun ne ke da gaskiya. Abin da na farkon ya yi muku daidai yake da a ce makullin sito ya ƙi buɗewa, aka kira kafinta, shi kuwa ya ɓalle ƙyauren gaba ɗaya ya jingine shi a bango. Shiga kam za a shiga. Amma bari mu bi maganar daki-daki, domin ko da ba kai za ka taɓa na'urar da hannunka ba, kai ne za ka tsaya gaban jama'a ranar da lissafin bashin taki ya ɓace.

Waccan babbar kwamfuta ta ɗakin ciki ita ake kira saba, wasu masu fassara kuma suna ce mata uwar garke. Kwamfuta ce kamar sauran, sai dai aikinta ajiya da yi wa sauran hidima ta wayar da ta haɗa su. Idan ka je banki ko wurin yin katin ɗan ƙasa aka ce maka ka dawo gobe, saba ta faɗi, irinta ake nufi, illa dai tasu ta fi taku girma nesa ba kusa ba. Ka ɗauke ta kamar gidan fatoma a babbar kasuwa irin ta Dawanau: ɗakuna birjik, kowane ɗaki da kayan mai shi, ga maigadi zaune a zaure da littafi a hannu. Shi wannan maigadi bai san fuska ba, bai san sanayya ba, ba a kuma lallashinsa. Tambaya biyu kawai yake yi wa duk wanda ya zo. Ta farko, kai wane ne? Amsarta suna da kalmar sirri. Ta biyu, me aka yarda ka yi a nan? Amsar wannan tana rubuce a jikin kowace ƙofa: wane ya leƙa kawai, wane ya leƙa ya kuma rubuta, wane har gogewa yana iya yi. Sunan da aka rubuta wa mutum a littafin maigadi shi ake kira asusu a harshen masu kwamfuta. Kada kalmar ta ruɗe ka, babu ko sisi a cikinsa, suna ne kawai da iznin da aka rataya masa.

To, ai ba mutane kaɗai ke shiga ɗakunan nan ba. Manhajar da ke kwafe lissafinku da ƙarfe biyun dare, lokacin kowa yana barci, ita ma dole ta bi ta zaure, kuma maigadi ba zai ƙyale ta ba don kawai ita ba mutum ba ce. Sai an buɗe mata nata sunan. Irin wannan shi ake kira asusun hidima, mu kuwa a nan bari mu ce masa asusun ɗan aike, don aikinsa ke nan: yaron da maigida ya ce kullum da dare ka shiga ɗakin lissafi ka kwafo shafin yau ka kai ɗakin ajiya. Duk sa'ad da aka ce manhaja ba ta da izini, ana nufin maigadi ya tare wannan ɗan aike, ko dai a tambaya ta farko ko a ta biyu. Gyaran duka kuwa shi ne a gano a wace ƙofa aka tare shi, da wane suna ya je, da kuma dalili.

Alamun da ka bayar, watau an ɗauke wuta, an kunna, manhaja biyu sun ƙi tashi a tare, sun fi kama da tarewa a tambaya ta farko, ta kalmar sirri. Ga yadda abin yake faruwa. A Windows, idan ba a sauya tsarin da ta zo da shi ba, kalmar sirri kwana 42 take yi ta mutu, sai an saka sabuwa. Mutum idan tasa ta kusa mutuwa allo zai gaya masa da safe ya sauya. Ɗan aike fa? Ba shi da ido balle ya karanta gargaɗi. Kalmar da aka damƙa masa ranar da aka kafa shi ita yake riƙe da ita. Haka nan idan wani ya sauya kalmar a littafin maigadi ya manta bai je ya sauya wadda ke hannun manhajar ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba a ranar matsalar take bayyana ba. Manhajar da ta riga ta shige ciki tana iya ci gaba da aikinta kwana da kwanaki, tunda ba a sake tambayarta a zaure ba. Sai ranar da wuta ta ɗauke, na'ura ta mutu ta sake tashi, ɗan aike ya dawo ƙofa da tsohuwar kalma, maigadi ya ce ban san ka ba. Shi ya sa kowa yake ɗora laifin a kan wuta ko janareto, alhali wutar tona asiri kawai ta yi. Windows takan nuna lamba 1069 a irin wannan hali, ma'anarta manhajar ta kasa tashi don an ƙi karɓar shigarta. Wani lokaci abin yakan ƙara dagulewa: manhajar ta yi ta gwada tsohuwar kalma ba ƙaƙƙautawa, maigadi ya zaci ɓarawo ne ke lalube, ya garƙame asusun ɗungurungum, ko an kawo kalmar gaskiya ba zai buɗe ba sai an cire sakatar.

Akwai ƙanwar wannan matsala. Ko kalmar sirri daidai take, Windows tana da wani izni na musamman na tashi a matsayin ɗan aike, wanda dole a rubuta wa asusun. Mai gyara yakan saka shi da hannu, komai ya tafi daidai, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Dalili kuwa, a ofisoshin da ke da babbar rajista ta tsakiya, wadda kamfanin Microsoft ya sa wa suna Active Directory ya fito da ita tare da Windows 2000, ana aiko wa kowace na'ura ƙa'idojin gida kusan kowane minti 90. Idan jerin da ke cikin ƙa'idojin bai ƙunshi sunan ɗan aikenku ba, zai shafe abin da aka saka da hannu. Maganin a je can tushe a saka sunan. Duk gyaran da ke yin kwana ɗaya ya warware, a fara zargin wannan.

Yanzu sai tambaya ta biyu, inda manhaja ta tashi lafiya amma ta miƙa hannu ɗaukar fayil aka buge hannun. Nan lambar da aka fi gani ita ce 5, watau an hana shiga. Abin da ya kamata ka riƙe a nan, Malam Sakatare, shi ne duk foldar da ake shigowa ta waya daga wata na'ura ƙofa biyu gare ta, ba ɗaya ba. Akwai ƙofar waje, wadda ke cewa wa aka yarda ya shigo daga nesa, akwai kuma ƙofar ɗaki, wadda ke jikin faifan ajiya kansa. Kowace da jerinta, kuma wadda ta fi tsanani ita ke cin nasara. Idan ƙofar ɗaki ta ce ɗan aike ya rubuta, ta waje kuwa ta ce leƙe kawai, to leƙe kawai zai yi. Sau da yawa mai gyara zai duba ɗaya ya ga komai daidai, ya rantse ba matsalar izini ba ce, bai san ɗayar ce a kulle ba. Daɗin daɗawa, idan a jerin aka rubuta hani ƙarara a kan wani rukuni, kuma ɗan aike yana cikin rukunin, to galibi hanin ne ke rinjayar izni. Folda kuma tana gadon izni daga uwar foldar da take ciki, sai fa in wani ya yanke gadon, ya zama an ba da izni a sama amma bai sauko ƙasa ba.

Wani abin da ke ba masu gyara wahala shi ne su ba da izni ga sunan da ba shi ne ya je ƙofar ba. Windows tana da waɗansu asusai na cikin gida da take ba manhajoji, irin su Network Service da Local System. Manhajar da ke amfani da su idan ta fita zuwa wata na'ura, da sunan kwamfutar da ta fito take gabatar da kanta, wanda a rajista ake rubuta shi da alamar dala a ƙarshe. Kamar yaron da ya je gidan maƙwabta ya ce daga gidan Alhaji nake. In ba a rubuta gidan Alhajin a ƙofa ba, ko sau nawa aka rubuta sunan akawu aikin banza ne. Haka kuma harafin da akawu yake gani a allonsa, a ce Z, wanda ke kai shi foldar saba, laƙabi ne da shi kaɗai ya san shi. Ɗan aike bai san wani Z ba, sai an rubuta masa cikakken adireshin foldar.

Sa'an nan kada a ce za a goge asusu a sake buɗe sabo da suna iri ɗaya don a huta. Maigadi ba da sunan da kake karantawa yake aiki ba, kowane asusu yana da doguwar lamba tasa a ɓoye, kamar yadda Musa ke da yawa a gari amma kowane da lambarsa ta katin ɗan ƙasa mai alƙaluma 11. Sabon asusu sabuwar lamba, duk iznin da aka ba tsohon ya tafi da shi. Kuma idan aka saka ɗan aike cikin sabon rukuni, sai an kashe manhajar an sake ta da ita kafin ta san an ƙara mata matsayi, don takardar shedar da ke hannunta tun ta shigar farko ce.

Ga wani dalili kuma da za ka ji kamar wasa, amma a ƙasashen da wuta ke yawan ɗaukewa ba wasa ba ne: agogo. Tsarin da rajistar Windows ke tantance masu shiga da shi sunansa Kerberos. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1980, sunan kuwa na wani kare ne mai kai uku a tatsuniyoyin Girkawa, wanda ke gadin ƙofar duniyar matattu. Yadda yake aiki, idan ka tabbatar da ko kai wane ne sai a yanka maka tikiti, kowace buƙata kuma da hatimin lokaci a jikinta, don kada ɓarawo ya tsinci tsohuwar takarda ya zo da ita daga baya. Saboda haka idan agogon na'urarka da na saba suka saɓa da fiye da minti 5, ba a karɓa. To, a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir mai faɗin kwabo wanda ke riƙe agogo idan babu wuta. In ya mutu, na'ura tana iya farkawa tana zaton shekarun baya ake ciki. Wani kuma zai bar na'ura a kan lokacin wata ƙasa, ya juya agogon da hannu har ya yi daidai da na bango. A ido lafiya lau, amma a lissafin na'ura ya kauce da awa guda ko fiye, kamar yadda Nijeriya da Nijar ke gaban Gana da awa ɗaya. Batir ɗin da bai kai kuɗin mudun gero ba yana iya tsayar da ofis yini guda ana neman aljani a cikin waya.

Idan sabarku ba Windows ba ce, Linux ce, maganar ɗaya ce, tufafin ne dabam. Ita ta gaji tsarinta daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969. Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kuma ana rubuta iznin da alƙaluma: karatu 4, rubutu 2, zartarwa ko ratsa folda 1. In ka haɗa su duka 7 ke nan. Don haka 750 na nufin mai shi ya yi komai, rukuni ya karanta ya ratsa, bare kuwa ko leƙe. Duk ranar da ka ji mai gyara ya ce bari ya sa 777, to ka sani ya ce kowa da kowa ya yi abin da ya ga dama. Ɓalle ƙyauren nan ne dai da wani yare.

To yaya mai gyaran kirki yake yi? Kafin ya taɓa komai littafin maigadi yake buɗewa. Saba tana rubuta abin da ya faru da lokacinsa. A Windows shigar da aka ƙi karɓa tana da lamba 4625, asusun da aka garƙame 4740, manhajar da kalmar sirrinta ba ta yi ba 7038, wadda ba ta da iznin tashi a matsayin ɗan aike 7041. Ba sai ka haddace su ba, amma ka ce masa ya nuna maka layin a allo, ya karanta maka sunan da aka tare da lokacin da aka tare shi. Daga nan ya tambaye ku me ya sauya kafin ranar: an sallami wani ma'aikaci an rufe asusunsa? An sauya kalmar sirri? An kawo sabon faifai? Tambayar ma'aikacin nan tana da muhimmanci, domin a ƙananan ofisoshi an saba kafa manhaja da sunan akawun da ke nan a lokacin, ranar da ya bar aiki aka rufe sunansa sai rasit ya daina fita, a rasa dalili. Akwai wuri a Windows da za a saka sunan asusu ta lissafa ainihin abin da yake iya yi a kan folda bayan an haɗa gado da rukuni da hani, akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna Process Monitor da ke nuna daidai fayil ɗin da aka hana taɓawa. In an gano ƙofar, sai a ba da makullinta ita kaɗai, a sauya abu ɗaya a gwada, in bai yi ba a mayar da shi yadda yake kafin a taɓa na gaba.

A yi wa yaron farko adalci. Layi ya yi tsawo a waje, manoma suna jiran rasit, shugaba yana tsaye a kansa, ba abin mamaki ba ne ya bi gajeriyar hanya. Har ƙwararru sukan ba manhaja babban iko na 'yan mintoci don su tabbatar cewa lallai izini ne matsalar. Laifinsa shi ne da ya bar abin haka ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya kuma kira shi gyara.

Me zai faru in an bar shi? Tun a 1975 waɗansu masana biyu na MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta ƙa'idar da har yau ake bi, cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin ikon da zai ishe su aikinsu. Dalili shi ne ita manhaja ba ta da wayo. In ta yi kuskure, ko wata muguwar manhaja ta hau kanta, to da duk ikon da ke hannunta za a yi ɓarnar. Mai buga rasit da ke iya rubutu a folda ɗaya, folda ɗaya za ta lalata. Wadda ke riƙe da makullan gida duka, har ɗakin da kuke ajiye kwafin lissafi za ta shiga. Asusun ɗan aike kuwa shi ɓarayin intanet suka fi so, don kalmarsa takan shekara ba a sauya ba, kuma ba wanda ke lura in ya yi motsi da tsakar dare, tunda dama lokacin aikinsa ke nan.

'Yan kasuwar da ke tura riɗi ko citta ko zoɓo zuwa Legas sun san kwantenonin da aka rubuta Maersk a jikinsu. Kamfanin jiragen ruwa ne na ƙasar Denmak, cikin mafiya girma a duniya. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta ɓulla daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ta shiga na'urorinsu. Hanya biyu take bi ta yaɗu. Ɗaya wata kafa ce a jikin Windows ɗin da ba a toshe ba. Ɗayar kuwa, duk na'urar da ta shiga sai ta tsince sunaye da bayanan sirrin da ta tarar a ciki, ta je ƙofar na'ura ta gaba da su kamar mai gida. Inda ta dace da asusu mai babban iko, to ta samu makullin gari. Kafin a ankara komai ya mutu, manyan motoci suka yi jerin gwano a tashoshin ruwa. Shugaban kamfanin ya faɗa a farkon 2018 cewa sai da suka sake kafa saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar kuwa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Har rajistar tsakiya, watau littafin maigadin kansa, ta shafe a ko'ina, in ban da kwafi ɗaya da aka samu a wani ofishinsu na nan Afirka ta Yamma, wanda ya tsira don an ɗauke wuta a can lokacin da abin ke yawo. Ka ji inda rashin wuta ya yi rana. Ƙungiyarku ba Maersk ba ce, amma lissafin bashin manomi ɗari uku in ya shafe ana gab da girbi, rigimar da za ta biyo baya ta ishi gari.

Saboda haka ka kira mai gyara na biyu, amma kada a fizge ikon haka kawai ranar kasuwa, komai zai sake tsayawa. Ya fara rubuta abin da kowace manhaja take bukata: ta rasit tana karanta ina, tana rubuta ina, ta kwafin dare kuma haka. Ita ta kwafi karatu kawai take bukata a ɗakin lissafi, rubutu sai a ɗakin ajiya. Kowace a buɗe mata asusunta dabam da sunan da ke nuna aikinta, ba sunan wani mutum ba, kada kuma biyu su yi tarayya a ɗaya, don in an tare ɗaya a san wace ce. A hana a zauna gaban allo a shiga da wannan asusu kamar mutum. Kalmar sirrinsa ta yi tsawo sosai, haruffa 25 ko fiye, tunda ba wanda zai riƙa buga ta kullum, a rubuta ta a sa a ambulan a kulle wurin ma'aji. In kuna da rajistar tsakiya, ya duba wani nau'in asusu da Microsoft ta kawo tun Windows Server 2012, wanda na'ura da kanta ke ƙirƙira masa kalma mai haruffa fiye da 100 tana sauya ta duk kwana 30, ba mutumin da ya san ta balle ya manta. Ba kowace manhaja ke karɓarsa ba, amma wadda ta karɓa ta rabu da ciwon lamba 1069 na mutuwar kalma.

Kalmar babban asusun da yaron farko ya yi aiki da ita a sauya ta a ranar, ba don ana zarginsa ba, don dai ta fita daga gida. A kuma bi littafin a rufe sunayen duk waɗanda suka bar aiki, bayan an tabbatar ba manhajar da ke rataye da su. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai daga Texas zuwa gabashin Amurka, ya tsayar da aiki kusan kwana shida ya kuma biya fansar dala miliyan 4.4, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a rufe ba aka shigo musu.

In ya ce ya gama, kada ka biya tukuna. Ku zaɓi ranar da ba kasuwa, a kashe saba yadda ya kamata a sake kunna ta kana tsaye, ka ga ko manhajojin sun tashi da kansu ba wanda ya taɓa su, akawu ya buga rasit ɗaya na gwaji. Washegari da safe ka sa a buɗe ɗakin ajiya ka ga kwafin daren jiya da kwanan watansa, a buɗe fayil ɗaya daga ciki a karanta maka sunan manomi da buhunansa. Ita manhajar kwafi in aka tare ta ba ta ihu kamar ta rasit, tana iya yin wata uku a tsaye ba wanda ya sani, don haka wannan dubawa ta zama ta kowane mako. Takardar da ya rubuta ta sunayen asusai da ƙofofin da aka buɗe wa kowane, kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin ma'aji.